Ɗan Ƙwallon da Ya Daina Cire Riga a Fili

## Waye shi, kuma yaya yininsa yake

Shekararsa 19 lokacin da ƙuraje suka fara fito masa. Ɗan baya ne a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ke buga gasar jiha a Kano, ƙungiyar da nake taimaka wa da duba lafiyar 'yan wasa a ranakun da ba ni da aiki. Ni malamin jinya ne, amma yaran Dokta suke ce mini. Da yardarsa na rubuta wannan, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ko unguwarsu ba.

Atisaye kwana shida ne a mako, daga ƙarfe 7:00 zuwa 9:30 na safe, a filin ƙasa wanda babu ciyawa, babu famfo, babu makewayi. Da an tashi, sauran yara su nufi gida, shi kuwa ya ɗora riga a kan 'yar cikin roba mai kama jiki da ya yi wasa da ita, ya goya jakarsa, ya hau keke zuwa Kantin Kwari inda yake tsare wa yayansa shago. Wanka sai ya koma gida bayan Magariba. Wato kusan awa tara zuwa goma kullum yana cikin 'yar cikin da ta sha gumi ta bushe a jikinsa.

'Yar cikin guda biyu ce gare shi, wanki kuma sau biyu a mako. A fili akwai tawul ɗaya da ake miƙa wa juna ana share fuska. Yana shafa man gashi mai kauri don gashinsa ya kwanta, in hunturu ya shigo kuma ya laɓta basilin a fuska kafin ya fito. Ba shi da wata rashin lafiya da aka sani. Yayansa ya yi fama da ƙurajen fuska a samartakarsa, har yau akwai ramukan a kumatunsa.

## Nuwamba 2023: farawa

Ƙananan ƙuraje ne suka fara fitowa a goshi, daidai bakin gashi, farare, ba su da baki, ba sa ciwo. In ka shafa sai ka ji kamar an watsa gero a ƙarƙashin fata. Bai damu ba, don ya ɗauka ƙurar hunturu ce. Zuwa ƙarshen wata sun sauko gefen kunne da haɓa, 'yan kaɗan kuma sun kumbura sun yi kai.

A wannan watan ne wani abokinsa mai ɗaga ƙarfe ya raba masa garin furotin na madara, wai ya ƙara cika, saboda koci ya sha gaya masa cewa 'yan gaba suna ture shi. Yana dama cokali biyu a ruwa kowace safiya.

## Disamba 2023: soso, lemon tsami da mai aski

Maganar da kowa ya yi masa iri ɗaya ce: datti ne. Mahaifiyarsa ta ce maiƙo ne, ta hana shi gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Shi kuma ya ɗauki abin da zafi. Ya koma dirje fuska da soson wanka da sabulun salo sau uku a rana, har sai ya ji fatar ta ɗaure. Da dare ya matse lemon tsami ya goga, ya ɗiga man goge baki a kan manyan. Ranar Juma'a in ya je aski, mai askin ya sa farce biyu ya matse masa su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da ruwan sifirit.

Mako huɗu ana haka. Fatar ta bushe tana ɓarewa kamar garin rogo, amma da rana goshin ya fi da ƙyalli. Duk inda aka matse ya bar baƙin tabo. A tsakiyar watan ne kuma ƙuraje suka fito a bayansa da kafaɗunsa da saman ƙirji, masu ƙaiƙayi, musamman in ya yi gumi. Bai gaya wa kowa ba.

## Janairu zuwa Fabrairu 2024: man kemis

Ranar 8 ga Janairu ya shiga wani kemis. Mai shagon ya leƙa fuskarsa, ya ba shi wani man shafawa na bututu, irin wanda ake cewa yana maganin komai na fata, da kafson antibayotik guda goma. Kafson ya sha su yadda ya ga dama, yau biyu, gobe babu. Man kuwa ya riƙe shi safe da dare.

Cikin kwana biyar kumburin ya kwanta. Fuskar ta yi sumul, ta ma ɗan yi haske, har abokan wasa suka fara tambayarsa sirrin. Da bututun ya ƙare bayan mako biyu sai ya bari. Kwana huɗu tsakani fuskar ta ɗau zafi, ƙurajen suka dawo fiye da da. Ya koma ya sayo wani. Haka ya yi ta yi har bututu huɗu cikin mako bakwai, kuma kowane dawowa sai ya tarar man bai kai na baya aiki ba. Zuwa ƙarshen Fabrairu akwai wasu sababbin ƙuraje ƙanana, girmansu ɗaya, jere a kumatu da gefen baki, tsakiyar fuskar kuma ta fi wuyansa haske ƙarara.

A nan na shigo cikin lamarin, kuma ba fuskar ce ta jawo hankalina ba. Wata safiya koci ya raba su gida biyu, masu riga da marasa riga, kamar yadda ake yi in rigunan banbance ɓangare ba su isa ba. Yaron ya faɗo cikin marasa riga. Sai ya dafe cinya ya ce tsoka ta riƙe shi, ya fita ya zauna a kan benci. Na je na duba cinyar, lafiyarta lau. Da na matsa masa, sai ya ja ni bayan motar koci, ya ɗaga rigar.

"Dokta, dubi. Ta yaya zan tsaya a haka gaban mutane?"

Daga kafaɗa zuwa tsakiyar baya babu inda za ka sa yatsa. Inda igiyoyin jakarsa suke kwanciya kuwa, layi biyu ne a fili, kamar an zana. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce tun kafin sabuwar shekara. Ya ce akwai gwajin ɗaukar 'yan wasa da aka yi a Kaduna a watan Fabrairu da bai je ba, don ya ji ana tuɓe riga a auna mutum. Wannan maganar ta tsaya mini a rai, domin yaron yana da ƙafa, kuma irin wannan damar ba kullum take zuwa ba.

Na ce ya kawo mini bututun. A jikinsa an rubuta sinadari uku: kilobetasol, da maganin naman gwari, da antibayotik mai suna niyomaisin.

## 5 ga Maris 2024: ranar asibiti

Na raka shi sashen fata na wani asibitin gwamnati. Likitar ta sa shi gaban taga, ta ƙirga, na rubuta. A fuska: fararen ƙuraje masu rufaffen baki 52, masu kumburi 23, manya masu zurfi da ciwo 2. A baya ba a iya ƙirga duka ba, sai ta zana wuri mai faɗin tafin hannu a kafaɗar dama, aka samu 31 a ciki. Muka ɗauki hoto da waya, aka yi shawarar maimaitawa duk mako biyu a wuri ɗaya, da haske ɗaya.

Ta yi masa bayani a hankali, kuma zan kawo shi yadda na fahimta. A gindin kowane gashi akwai 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Da balaga ta zo, sinadaran jiki na samartaka su ƙara mata aiki. Idan matattun ƙwayoyin fata suka cakuɗe da maiƙon suka toshe ƙofar gashin, ƙurji ya soma. In bakin a rufe yake, shi ne farin. In a buɗe yake, iska ta taɓa abin da ke ciki ya yi baƙi, kuma wannan baƙin ba datti ba ne. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, Kutibakteriyum aknes, wadda take samun wurin zama a cikin toshewar, jiki ya tashi yaƙarta, shi ne kumburi da mugunya. Toshewar tana farawa makonni kafin ido ya gan ta, kuma tana can ƙasa inda soso ba ya kaiwa.

Gumi kuma, in ji ta, ta wasu ƙofofi daban yake fita, ba shi ne yake haifar da ƙurjin kai tsaye ba. Abin da ke yi wa 'yan wasa illa shi ne haɗuwar zafi da laima da guga da matsi: riga mai kama jiki, igiyar jaka, hular kwano, maɗaurin goshi. Masu bincike biyu kan cututtukan fata a Amurka, Mills da Kligman, sun bayyana wannan nau'in tun 1975. Na bakin gashi kuma ta danganta su da man gashin da ke narkewa ya gangaro goshi in rana ta yi.

Da ta karɓi bututun sai ta girgiza kai. Kilobetasol yana cikin mafi ƙarfin magungunan sitiroyid na shafawa. Yana danne kumburi nan take, yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa fuska ke yin sumul da haske. Amma ba ya buɗe toshewar, yana sirantar da fata, kuma shi kansa yana fito da nasa ƙurajen, waɗannan masu girma ɗaya da ke kumatunsa.

"Ɗana, ka taɓa shan ƙwayar ƙiba? Ko wani ya taɓa yi maka allurar ƙara ƙarfi?"

"A'a, Hajiya. Sai dai garin nan."

Ta ce ta tambaya ne saboda deksametazon da matasa ke sha don su yi jiki, da allurar gina tsoka, duka suna feso ƙuraje a ƙirji da baya. Ga kuma dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da amfani da magungunan ƙara kuzari a wasanni: magungunan gina tsoka haramun ne ga ɗan wasa a kowane lokaci, irin su deksametazon kuma an hana shan su ko yin allurarsu a lokacin gasa. Garin furotin na madara ba ya cikin haramtattu, amma an sha ganin ƙuraje na ƙaruwa ga masu shansa, don haka ta ce ya ajiye shi, ya nemi furotin ɗinsa a ƙwai da wake da kifi. Gyaɗa kuwa ta ce ya ci abinsa.

Tsarin da ta rubuta shi ne: a daina man kemis daga ranar. A daina soso a fuska, da lemon tsami, da matsa. Wanke fuska sau biyu kawai, da tafin hannu da sabulu marar zafi. Adafalin, man shafawa mai buɗe toshewar, na kashi 0.1 da dare, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga dukan fuskar, dare ɗaya a shafa dare ɗaya a huta na mako biyun farko. Sabulun ruwa mai benzoyil feroksaid na kashi 5 ga fuska da baya, a bar shi minti biyu sannan a ɗauraye. Doksisaiklin, antibayotik na sha, miligiram 100 sau ɗaya a rana, kuma ta ce ba zai wuce wata uku ba. Man sanyaya fata marar maiƙo a madadin basilin. Sai magana ta ƙarshe, wadda ta maimaita sau biyu: a cire rigar gumi a watsa ruwa da zarar an tashi daga atisaye.

Ta gargaɗe shi cewa fuskar za ta ƙara lalacewa kafin ta gyaru, kuma kada ya sa ran ganin bambanci kafin mako shida zuwa takwas.

## Mako na 1 zuwa na 4: azumi da zafin bazara

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, atisaye ya koma bayan La'asar. Wannan ya zo mana da sauƙi ɗaya, don yanzu daga fili gida yake wucewa ya yi wanka kafin shan ruwa.

Fuskar kuwa ta yi abin da aka faɗa. Daga kwana na biyar da barin man kemis ta ɗau raɗaɗi, ta kumbura, ƙuraje suka fito har inda ba su taɓa fitowa ba. A hoton mako na biyu masu kumburi sun kai 34. Ya daina zuwa shago. A cikin wannan halin ya yi kuskure biyu.

Na farko, ya ga kamar maganin ya yi kaɗan, sai ya koma shafa adafalin kowane dare, kuma da yawa, har gefen hanci da leɓe. Gefen bakinsa ya tsage, ko alwala ya yi sai ya ji kamar an zuba barkono. Da na kira likitar ta ce ya huta kwana huɗu yana shafa man sanyaya fata kawai, sannan ya dawo dare ɗaya bayan biyu. Muka kuma tsayar da lokaci: bayan an idar da Asham, in fuskar ta bushe sarai, don kada alwala ta wanke shi.

Na biyu, yana haɗiye doksisaiklin a ƙarshen sahur da kurɓin ruwa ɗaya, ya yi Asuba ya koma ya kwanta. A kwana na tara ya zo mini da ciwon ƙirji in ya haɗiyi abu. Wannan sananniyar illa ce ta maganin: in ya maƙale a maƙoshi yana ƙona shi. Ya huta kwana uku, muka mayar da shan zuwa bayan buɗe-baki, da kofi cike da ruwa, kuma ba kwanciya sai an yi aƙalla rabin awa. Na ce masa ya raba shi da fura da nono da kamar awa biyu, don madara tana rage yadda hanji ke tsotse shi. Ciwon bai dawo ba.

Wani dare a mako na uku yayansa ya kira ni. Ya ce sun ga maganin asibiti ya fi cutar illa, shi zai sayo masa man da ya yi masa aiki a baya. Na je gidan da kaina bayan Asham. Na nuna musu hoton ranar farko da na mako biyu, ban ɓoye cewa ya ƙaru ba, na tuna musu cewa likita ta faɗi haka tun kafin ya faru. Na roƙi mako uku. Yaron bai ce komai ba sai da zan tafi.

"Dokta, in Sallah ta zo ina haka fa?"

Na ce masa mai yiwuwa ne ta zo yana haka. Ya yi shiru, sannan ya ce to.

Akwai kuma wata 'yar matsala da ba mu hango ba. Shuɗiyar jesin ƙungiya ta fito da dabbare-dabbaren ruwan goro a wuya da kafaɗa, mai kula da kaya ya yi ta faɗa. Benzoyil feroksaid yana cin launin tufafi. Daga nan ya koma ɗauraye jiki sosai, ya sayi farin tawul nasa na kansa da farar 'yar ciki.

## 16 ga Afrilu: fuska ta ji, baya bai ji ba

Sallah ta kama ranar 10 ga Afrilu, kuma ya fita Idi. Ƙirgar mako na shida ta nuna fararen fuska sun sauko 30, masu kumburi 8, manyan biyu sun kwanta sun bar tabo. A kafaɗa kuwa 34, sun ma ɗan ƙaru, ƙaiƙayin kuma ya tsananta da zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Kano ke kaiwa digiri 40.

Likitar ta sake duban bayan da kyau. Ta ce abu uku ba su yi kama da ƙurajen samartaka ba: duk girmansu ɗaya, babu farare ko masu baƙin kai a tsakaninsu, kuma suna ƙaiƙayi. Ta ga 'yan fararen tabban kyasbi a wuyansa, ta tambaye shi ko yana da amosanin kai, ya ce yana da shi. Aka kankare kan wasu ƙuraje aka duba a madubin likita. Sakamakon ya nuna Malaseziya, wani naman gwari mai cin maiƙon fata, shi ne dai mai kawo kyasbi, kuma yana da hannu a amosani. Yana son zafi da laima, antibayotik ba ya taɓa shi, wani lokaci ma yana ƙara masa fili in ya kashe ƙwayoyin da suke takara da shi.

A ranar aka tsayar da doksisaiklin, tunda kumburin fuska ya ragu. Aka ba shi sabulun wanke kai mai ketokonazol na kashi 2, ya shafa a kai da baya da ƙirji, ya bar shi minti biyar kafin ya ɗauraye, kullum har mako huɗu, daga nan sau biyu a mako. Ta ce in bai ji ba za a ƙara da na sha.

Sai kuma tsohuwar matsalar ta dawo, don bayan Sallah atisaye ya koma safe, ga shago yana jira. Muka zauna da koci da yayan. Abin da aka tsayar mai sauƙi ne: galan mai lita biyar a ɗaure a bayan keke, buhu biyu da aka kafa a bayan katangar fili a matsayin makewayi, 'yar cikin auduga mai tsabta a leda. Ya ƙara sayen 'yar cikin wasa biyu suka zama huɗu, kowacce a wanke ta ranar da aka sa ta, a shanya a rana. Jakar ta sauka daga bayansa ta koma kariyar keke. Yayan ya yarda ya riƙa isa shago ƙarfe 10:30 maimakon 10:00. Ba a yi mako biyu ba yara shida suka fara zuwa da nasu galan.

Ƙaiƙayin ya ragu cikin kwana goma. Ba a kai ga maganin sha ba.

## 28 ga Mayu: mako na 12

Fararen fuska 11, masu kumburi 2. A tafin kafaɗa 3. Hasken da man kemis ya bari a tsakiyar fuska ya kusa daidaita da wuya.

Abin da ya rage shi ne baƙaƙen tabbai, kuma a lokacin su suka fi damunsa. A baƙar fata duk inda ya kumbura yakan bar duhu, wanda ke ɗaukar watanni kafin ya dushe, rana kuma tana ƙara masa. Wani ya ba shi shawarar man bilicin. Likitar ta hana, ta ce da yawansu irin sitiroyid ɗin da ya baro ne a ciki, ta ce ya ci gaba da adafalin, wanda shi ma yana taimaka wa tabo, ya kuma shafa man kare rana mai lamba 30 kafin atisaye. Ya tambaye ta wani magani da ya ji ana cewa yana kawar da ƙuraje gaba ɗaya, aisotiretinoyin. Ta ce na masu tsananin cuta ne, sai da kulawar likita da gwajin jini, yana busar da leɓe sosai, kuma yakan kawo ciwon tsoka da gaɓɓai ga masu motsa jiki da ƙarfi. Nasa bai kai nan ba.

## Yuli zuwa Satumba: komawa baya da gyara

Bayan Babbar Sallah ya ga ya warke, kuɗi kuma suka yi masa wuya, sai ya bar komai ban da galan. Bai gaya mini ba. Mako biyar bayan haka, a farkon Agusta, na lura da goshinsa. Muka ƙirga: farare 27, masu kumburi 9. Bayan ya fara ƙaiƙayi amma ƙuraje 7 kawai a tafin kafaɗa, duk da laimar damina.

Bai koma kemis ba, kuma bai matsa ko ɗaya ba. Likitar ta mayar da shi kan adafalin dare uku a mako, benzoyil feroksaid da safe, ketokonazol sau ɗaya a mako, ba tare da antibayotik ba. Ta gaya masa a fili cewa wannan tsarin zai iya ɗaukarsa shekaru, har jikinsa ya wuce lokacin. A ƙirgar 24 ga Satumba: farare 9, mai kumburi 1, kafaɗa 2.

## Abin da nake gani

Cuta biyu ce yaron yake ɗauke da ita, sannan ya sayo ta uku da kuɗinsa. Ta fuska ƙurajen samartaka ce, akwai gado a ciki, man gashi da basilin suka ƙara mata. Ta baya naman gwari ne da ya samu zafi da laima na awa goma kullum. Ta ukun ita ce ta kilobetasol. Mu duka, har da ni, mun kalli fuska da baya mun ɗauka abu ɗaya ne, kuma wannan ya ci mako shida. Tun ranar da ya ɗaga mini riga ya ce suna ƙaiƙayi, na ji amma ban ba maganar nauyinta ba. Yanzu duk yaron da ya nuna mini bayansa, tambayata ta farko ke nan.

Soso da lemon tsami sun gaza ne saboda an gina su a kan zaton datti, alhali toshewar tana ƙasa da inda suke kaiwa, gugar kuma ita kanta tana cikin abin da ke tayar da ƙurjin. Man kemis shi ya fi yi masa ɓarna, kuma ban ga laifin yaron ba ko kaɗan: abin da ya gyara maka fuska cikin kwana biyar, wa zai ce maka guba ne ka yarda? Laifin yana ga sayar da irin wannan maganin ga duk wanda ya miƙo kuɗi, ba takardar likita, ba tambaya. Maganin gaskiya kuwa ya fara ne da ƙara lalata fuskar, kuma na tabbata da ba a gaya masa haka tun ranar farko ba, da ba a kuma je gidansu a mako na uku ba, da ya koma wa bututun.

Garin furotin an bar shi ne rana ɗaya da sauran abubuwa, don haka ba na ɗora masa wani kaso na laifi ko na sauƙi. Komawar Agusta ce ta fi koya mini abu. Fuska ta koma da sauri da aka bar adafalin, wanda ya nuna cewa wanka kaɗai ba ya riƙe ta. Baya kuwa bai koma sosai ba, a tsakiyar damina, kuma abin da bai bari ba shi ne galan da canza riga. A ganina fuskar magani ne ya riƙe ta, bayan kuwa lita biyar ɗin nan ce ta yi rabin aikin.

Tabbai uku ne suka zama ramuka, duka a inda mai aski ya matse a Disamba, kuma waɗannan ba za su tafi da man shafawa ba. Sauran sun dushe. Makewayin buhun yana nan a bayan katanga, an ma sake masa sababbin buhuna bayan damina, tawul ɗin da ake miƙa wa juna kuma koci ya hana shi shiga fili.